Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministar Harkokin 'Yan Asalin Ostareliya kan yadda ake yi wa matasa da manya jagora wajen zaɓen sana'a

Zuwa ga Mai girma Sanata Malarndirri McCarthy,
Ministar Harkokin 'Yan Asalin Ƙasa,
Kanbera.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, muna miƙa gaisuwarmu ga dattawan Aborijinawa da na tsibiran mashigin Torres, na da da na yanzu, waɗanda a ƙasarsu muke zaune muke neman abinci.

Mu malaman makaranta ne da masu ba ɗalibai shawara kan sana'a da ma'aikatan lafiya, Hausawa mazauna Ostareliya, waɗanda aiki ya haɗa mu da matasa da magidanta 'yan asalin ƙasar nan, wasunmu a Yankin Arewa, wasu a yammacin Sidni. Ba da yawun Aborijinawa muke magana ba. Suna da bakinsu, suna da ƙungiyoyinsu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna magana ne a madadin ƙananan ma'aikata irinmu, waɗanda ake miƙa wa fom a ce su zaunar da yaro su tambaye shi abin da yake son zama, alhali sun san ba don irinsa aka tsara fom ɗin ba. Mun rubuta da Hausa domin 'yan uwanmu masu shigowa wannan aiki su ma su karanta, su san inda ƙafa take zamewa.

A watan Fabrairun 2024 gwamnati ta ware dala miliyan 707 don samar da guraben aiki 3,000 a ƙauyukan da ke nesa da birane, da cikakken albashi da hutu da kuɗin fansho. Daga farkon Nuwamban 2025 kuma aka rufe CDP, tsohon shirin gwamnati na masu neman aiki a karkara, aka kawo sabon tsarin nema wa mutanen karkara aiki. Mun yi murna da duka biyun. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne an bar wani ɓangare a baya: zaman da ake yi da mutum kafin a tura shi horo ko aiki, da rakiyar da yake buƙata bayan ya fara. Har yanzu da kayan aikin da aka ƙera wa ɗan birni mai Turanci a baki ake yin wannan zama, shi ya sa gurabe da yawa suke cika yau, su koma wayam bayan wata biyu. Yarjejeniyar cike giɓin da ke tsakanin 'yan asalin ƙasa da sauran jama'a, wadda gwamnatoci da ƙungiyoyin Aborijinawa suka sa wa hannu a 2020, ta sa burin cewa kafin 2031 kashi 67 cikin ɗari na matasan 'yan asalin ƙasa 'yan shekara 15 zuwa 24 za su kasance a aiki ko karatu ko horo. A 2016 adadin yana kan 57.2, a 2021 ya tsaya a 58. Tafiyar shekara biyar ke nan.

Ba ke za mu koya wa tarihi ba, 'yar asalin ƙasa ce ke daga garin Borroloola. Muna ambatonsa ne saboda yana shigowa ɗaki tare da duk wanda aka kira don a ba shi shawara. Akwai zamanin da hukuma ce take zaɓa wa Aborijinawa sana'a: 'yan matan da aka raba da iyayensu aka kai gidan Cootamundra an horar da su aikatau a gidajen Turawa, samarin gidan Kinchela kuma aikin gona da kiwo. Albashin dubban mutane hukuma ta riƙe da sunan ajiya, har sai a 2019 jihar Queensland ta amince ta biya dala miliyan 190 bayan an kai ta kotu. A 1966 Vincent Lingiari ya ja mutanen Gurindji suka ajiye aiki a gandun kiwon shanu na Wave Hill saboda zaluncin albashi da neman ƙasarsu. Shirin ayyukan al'umma na CDEP da aka fara a 1977 a Bamyili, wato Barunga ta yau, ya bar wa al'umma ikon tsara ayyukanta. Da aka rushe shi aka zo kan CDP a 2015, sai ya zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago: awa 25 a mako, kwana biyar, duk ranar da mutum ya yi fashi a yanke kashi ɗaya cikin goma na tallafinsa na mako biyu. An yi irin wannan yanka fiye da sau 300,000 a shekara biyu na farko. Saurayin da ya tashi yana ganin an yanke wa mahaifinsa kuɗin abinci don ya je jana'iza, idan ya shiga ofishin neman aiki, hukunci yake jira. Wannan shi ne mutumin da ake so ya buɗe zuciyarsa cikin minti talatin.

Kukanmu na farko a kan shi kansa zaman ne. Yawancin gwaje-gwajen sha'awar sana'a sun samo asali daga aikin wani Ba'amurke, John Holland, wanda ya kasa mutane gida shida bisa abin da kowa yake so shi kaɗai. Tambayoyin suna cewa: ka iya shugabanci, ka fi son aiki da hannu ko da lissafi, ina kake hango kanka nan da shekara biyar. A wurin mutanen da tarbiyyarsu ta hana mutum fifita kansa a kan 'yan uwansa, amsa irin wannan tambaya abin kunya ne, kuma kalmar kunya da suke faɗa da Turancinsu ta fi ta Bature nauyi. Mu Hausawa mun gane wannan nan take, tun da a wurinmu yabon kai jahilci ne. Yaron zai sunkuyar da kai ya yi shiru, jami'i ya rubuta cewa ba shi da buri. Ko kuma ya ce "i" ga duk abin da aka faɗa don ladabi da neman a sallame shi, jami'i ya rubuta cewa ya amince da kwas ɗin walda. Ranar fara kwas ba a gan shi ba, sai a ce ya saɓa alkawari. Tun 1976 kotu a Yankin Arewa ta gane wannan "i" ta ladabi, ta gindaya wa 'yan sanda ƙa'idojin Anunga kan yadda za su yi wa Aborijinawa tambayoyi. Abin da kotu ta yarda da shi kusan shekara hamsin da suka wuce, ofishin neman aiki bai kai gare shi ba.

Ga wani abu da ke faruwa a tsakiyar ƙasar. Jami'a sabuwar zuwa ta fito bakin ƙofa da takarda a hannu, ta ɗaga murya ta kira sunan da ke cikin kwamfuta. Ɗakin jira ya yi tsit, wata dattijuwa ta kau da kai, mai sunan kuma bai motsa ba. Wani mai irin sunan ne ya rasu kwanan baya, don haka an ajiye sunan, ana kiran saurayin Kumanjayi har zuwa lokacin da dangi za su ga ya dace. Jami'ar ta koma ta rubuta cewa bai zo ba. Duk wanda ya san yadda uwa Bahaushiya ba ta kama sunan ɗanta na fari ya san cewa tambaya ɗaya a wurin mai shara ko direban ofis ta isa ta hana wannan.

Zaman da ke haifar da ɗa mai ido yana da tsari, kuma ba ɓoyayye ba ne. Ana fara tambayar mutum wanda yake so ya zauna tare da shi, kaka ko kawu ko gwaggo, a kuma tambaye shi wanda bai kamata ya shigo ba, domin akwai dangantakar da ta hana mutum biyu zama wuri ɗaya. Namiji da namiji, mace da mace, in da hali. Ana zama gefe da gefe a inuwa, ba tebur a tsakani, ba a kafe mutum da ido. Idan Turanci harshensa na uku ne ko na huɗu, bayan Warlpiri ko Yolngu Matha ko Kriol, sai a nemi tafinta tun kafin ranar, akwai hukumar tafintocin Aborijinawa a Yankin Arewa don haka. Jami'i shi zai fara faɗin ko shi ɗan wane ne, daga ina ya fito. Sannan a shimfiɗa babbar takarda a zana: ina ƙasar kakanninka, su wa kake ɗauke da nauyinsu, wane lokaci na shekara ne bukukuwan al'ada suke neman ka, me kake yi daga safe zuwa dare. Ba a ce masa ya lissafa baiwarsa, kakar ake tambaya me ta gani a wurinsa. A nan ake jin cewa shi yake gyara injin kwalekwalen gidansu, ko ita ce take raka tsofaffi asibiti tana fassara musu maganar likita. An yi tambaya, a yi shiru a jira, ko da shirun ya kai minti guda. Zama ɗaya ba ya isa, akan yi uku ko huɗu a cikin wata guda kafin a ambaci sunan wani kwas. A Kanada, tun 1997 Rod McCormick da Norman Amundson suka fitar da tsarin da ke shigo da iyali da dattawa cikin irin wannan zama. Amma kwangilar da ke auna jami'i da yawan mutanen da ya gani a rana ba ta bar masa sararin yin haka.

Na biyu, ana ba da shawara ba tare da an san ayyukan da ke garin ba. A garuruwa irin Maningrida da Galiwin'ku da Wadeye akwai makaranta, asibiti, kanti, ofishin ƙaramar hukuma, gidan renon yara, gidan kula da tsofaffi, cibiyar masu zane, masu kula da wuta da ruwa, masu gyaran gidaje, filin jirgi, masu sintirin dare, gidan rediyo. Kowane ɗaya yana da gurabe, kuma mafi tsoka a cikinsu baƙi ne suke riƙe da su, su yi shekara ɗaya ko biyu su tafi, a sake biyan kuɗin jirgi da gida a kawo wani. Mu ma muna cikin baƙin nan, shi ya sa muke da bakin faɗa. Ba kasafai ake samun takarda ɗaya da ta nuna gurabe nawa ne, wa ke riƙe da kowanne, wace shaida ake nema, yaushe kwangilar mai shi za ta ƙare ba. Rashin wannan takarda ne ke jawo a ga magidanci da satifiket huɗu ko biyar na mataki na ɗaya da na biyu a cikin leda, na girki, na gini, na harkar ofis, kuma bai taɓa karɓar albashi da ko ɗaya ba. Mai horarwa ya sauka a jirgi ya yi kwana uku, an ɗauki hoto, an biya shi, ya tafi.

Inda aka ɗaura karatu da aikin da ake gani da ido, ana samun bambanci. Aikin masu kula da daji da teku, waɗanda ake kira renja, shi ne misalin da ya fi fitowa fili, kuma gwamnati ta yi alkawarin ninka yawansu zuwa 3,800 kafin ƙarshen 2030. A yammacin Arnhem Land, tun 2006 ake biyan masu ƙasa su ƙona daji da sanyin farkon rani, kafin ɗaya ga Agusta, a ƙasa da kuma ta jirgi mai saukar ungulu, don a datse babbar gobarar ƙarshen rani, hayaƙin da aka rage kuma a sayar da shaidarsa. Ilmin lokacin ƙuna da inda ba a taɓawa na dattawa ne, na'urar nuna taswira da lissafin hayaƙi na makaranta ne. Shirin koyo a kan ƙasar gado da aka soma a 2013 a makarantu irin na Maningrida da Yirrkala yana fitar da 'yan sakandare tare da renja, ana lissafa musu fitar a cikin satifiket. Yaron da ya bi wannan hanya ya san cewa bayan mataki na biyu akwai na uku, akwai lasin tuƙa kwalekwale mai inji, akwai lasin bindiga don rage ɓauna da aladun daji, akwai kujerar shugaban tawaga. Haka hanyar lafiya take: mataki na uku a kiwon lafiya na farko, sai na huɗu wanda tun Yulin 2012 yake ba mutum damar rajista a matsayin ƙwararren ma'aikacin lafiya na Aborijinawa, daga nan difloma ko digirin jinya. Irin wannan tsani ya kamata a zana wa kowace sana'a a kowane gari.

Sai dai a yi hattara, kada girmama al'ada ya koma wani sabon shinge. Mun sha ganin an tura duk namiji renja ko ƙwallo, duk mace zane ko reno, ba a taɓa ambata musu lauya ko injiniya ko matuƙin jirgi ba. Cikin Aborijinawa, Charles Perkins ya gama Jami'ar Sidni a 1966, Helen Milroy ta zama likita a 1983, kuma tun 2024 duk ɗan asalin ƙasa da ya cika sharuɗɗan shiga jami'a yana da gurbin da gwamnati ke tallafawa, a birni yake ko a ƙauye. A aji goma ake rufe ƙofar, lokacin zaɓen darussa. Malami ya ce wa yarinya ta ajiye lissafi mai wuya don ta samu sauƙi, ba wanda ya faɗa wa iyayenta cewa wannan sa hannu ya toshe mata hanyar likitanci da injiniyanci. Wajibi ne wannan zaɓe ya zama a gaban iyaye, da harshensu, a gaya musu abin da kowane darasi yake buɗewa da abin da ajiye shi yake rufewa. Wanda za a tura makarantar kwana a Darwin ko Adelaide da ABSTUDY, tallafin karatu na 'yan asalin ƙasa, kuwa, zangon farko ne mai hatsari, don kewar gida ce take dawo da yara. Yana buƙatar wani babba da aka ambata da suna wanda zai kira shi duk mako, da tsarin yadda zai je jana'iza ya dawo ba tare da ya rasa gurbinsa ba.

Na uku takardu ne, kuma shi ne kukan da ya fi sauƙin sharewa. Kafin mutum ya karɓi albashin farko yana buƙatar takardar haihuwa, lambar haraji, asusun banki, lambar ɗalibi ta ƙasa da aka wajabta tun 2015 ga duk mai neman satifiket, farin katin shiga wurin gini, katin Ochre ga mai aiki da yara a Yankin Arewa, da binciken 'yan sanda. Dukkansu a kan takardar haihuwa suke tsaye. Mutane da yawa ba a yi musu rajista ba, ko an rubuta sunan iri ɗaya a asibiti, wani iri a makaranta, wani iri a Centrelink, ofishin biyan tallafin gwamnati, sai kwamfuta ta ƙi haɗa su. Gyaran yana cin makonni, mai ba da aiki kuwa ba zai jira ba. Lasin tuƙi ya fi kowanne wuya: a New South Wales matashi yana buƙatar awa 120 na koyo tare da mai cikakken lasi, a Queensland awa 100, a gidan da ba mota mai rajista, ba mai lasi, ba kuɗin mai. Sai ya tuƙa ba lasi don ya kai kakarsa asibiti, a ci shi tara, tarar ta taru, a hana shi lasin gaba ɗaya, laifin ya hau takardarsa, takardar ta tsaya masa a gaba ranar neman aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wannan a aji tara da na goma ya kamata a gama shi, a ajiye kwafi a wurin ƙungiyar al'umma, don takarda ba ta daɗewa a gidan da mutum goma sha biyar suke kwana a ɗaki uku.

A haɗa da gwajin ji. Ciwon kunne mai fitar da mugunya ya yi yawa a tsakanin yaran karkara, yana barin raunin ji har girma. Almajirin kanikanci da ba ya jin umarni cikin ƙarar inji, taurin kai ake ɗora masa.

Na huɗu, ana sakin hannun mutum daidai lokacin da ya fi buƙatar a riƙe shi. A ƙarƙashin CDP, kafin a rufe shi, ana biyan kamfanin nema wa mutane aiki ladan sakamako ne idan mutum ya kai mako 13 da mako 26 a aiki, daga nan ba ruwan kowa. Abin da ke fitar da mutane daga aiki kuwa sananne ne. Babba a ciki shi ne zaman makoki, wanda suke kira "sorry business". Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba da hutun rasuwa kwana biyu, kuma ga dangi na kusa kawai kamar yadda Bature ya lissafa su. A wurin Aborijinawa 'yar uwar uwa uwa ce, ɗan uwan uba uba ne, kamar yadda muke da inna da baba ƙarami, kuma jana'iza a Arnhem Land tana iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu, a garin da sai an hau jirgi, ko hanyar da damina ke yankewa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Wasu yarjejeniyoyin ƙwadago sun ba da kwana goma a shekara na hutun al'ada, amma ba albashi, kuma sai da yardar mai gida. Abin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne: ma'aikaciya ta tafi ba ta faɗa ba don tana tsoron a hana ta, ta dawo gari bayan kwana goma, kunya ta hana ta taka ƙofar ofis, shugaba yana jiran ta kira, ita tana jiran a aiko. Da wani ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya ce gobe a zo aiki, da ta zo. Inda aka yi dabara, ana horar da mutum uku a kan gurabe biyu, daga dangi daban-daban don kada rasuwa ɗaya ta kwashe su duka, ana kuma zana jadawalin aiki tare da wanda ya san wa ke kunyar wa, don kada a haɗa suruki da surukarsa a kanti ɗaya, ko a sa saurayi ya duba macen da al'ada ta hana shi kusanta.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika zama a yi wa mutum lissafinta ba. Ga galibin masu karɓar tallafin masu neman aiki na JobSeeker, dala 150 ta farko da mutum ya samu daga aiki a mako biyu ba ta rage tallafinsa, daga nan zuwa 256 ana rage santi 50 a kowace dala, abin da ya haura kuma santi 60. Wanda ya samu dala 600 a aikin wucin gadi za a rage masa kusan 260 daga tallafinsa. Idan ba a faɗa masa tun farko ba, zai ga kamar an cuce shi. Idan ya makara wajen sanar da abin da ya samu, bashi ya hau kansa. Ga kuma dangi da ke jiran ranar albashi, abin da kowane ma'aikaci Bahaushe ya sani. Rabawa wajibi ce a wurinsu kuma abin alfahari ce, amma mai albashi ɗaya a cikin mutum ashirin yana iya wayar gari ba ko sisi, ya ga aikin ba shi da amfani. Mai ba da shawara da ya san aikinsa yana taimaka masa ya buɗe asusu na biyu marar kati, ya yanke abin da zai riƙa bayarwa, ya kuma samu dattijon da zai tsaya masa idan matsin ya yi yawa.

Manya ma an bar su a baya. Magidanci ɗan shekara arba'in da bai iya karatu sosai ba zai ce ya manta tabaransa a gida, ya karɓi fom ya tafi, ba zai dawo ba. Yaƙi da jahilcin da Jack Beetson da abokan aikinsa suka fara a Wilcannia a 2012, bisa tsarin da aka aro daga Kuba, ya yi tasiri ne saboda 'yan garin ne suke bi gida gida, su ne kuma suke koyarwa. Kwalejin Batchelor ta daɗe tana koyarwa bisa aƙidar hanya biyu, ɗalibi ya zo mako ɗaya ko biyu ya koma gida. Abin da mutum ya shekara ashirin yana yi, jinyar tsofaffi, sasanta rigima, tafinta, jagorancin biki, doka ta yarda a auna shi a ba shi satifiket, amma an mayar da aunawar rubuce-rubuce, alhali ana iya yin ta da baki da kuma nunawa a aikace.

Kada kuma a manta cewa mafi yawan 'yan asalin ƙasa a birane da garuruwa suke, wajen kashi 15 cikin ɗari ne kawai ke can nesa. Na birni damuwarsa daban. Jikan wanda aka raba da iyayensa yana iya kasa samun takardar tabbatar da asalinsa, wadda ake nema kafin a ba shi wasu gurabe, domin sai wata ƙungiyar al'umma ta shaida ta san shi. Idan ya samu aikin, sai a ɗora masa shirya duk wani bikin al'ada da amsa duk wata tambaya kan Aborijinawa, ba ƙarin albashi. A binciken Gari Yala na 2020, wanda ya ji ta bakin ma'aikata 'yan asalin ƙasa 1,033, kashi 44 cikin ɗari sun ce suna jin kalaman ƙasƙanci na launin fata a wurin aiki. Tura matashi irin wannan wuri ba tare da an bincika shi ba ganganci ne.

Ranki ya daɗe, a Fabrairun 2024 hukumar da ta duba yarjejeniyar cike giɓi ta ce gwamnatoci ba su cika alkawarin raba iko da al'umma ba. Ga inda muke roƙon ki fara cika shi.

Muna roƙon a miƙa aikin jagorancin sana'a ga ƙungiyoyin da al'umma ke mulka, da kuɗin da ba zai gaza na shekara biyar ba, kuma a kowane gari a ɗauki namiji ɗaya da mace ɗaya 'yan garin a matsayin jagorori, da cikakken albashi da hanyar samun shaidar ƙwarewa, su zama cikin gurabe 3,000 ɗin nan. A cire ƙidayar mutum nawa aka gani a rana daga cikin kwangila, a biya zama uku zuwa huɗu tare da iyali da kuɗin tafinta. A wajabta wa duk hukuma da kamfanin da ke cin kuɗin gwamnati a gari ya bayyana gurabensa sau ɗaya a shekara, a haɗa su a takarda ɗaya a manna a kanti da makaranta, kuma duk gurbin da baƙo ke riƙe da shi a rubuta sunan ɗan garin da yake koyo a ƙarƙashinsa da shekarar da zai karɓa. Kada a sake biyan kuɗin wani kwas sai an nuna aikin ko karatun da zai kai mutum, kuma a tsara lokacinsa da dattawa don kada ya faɗa kan biki ko tsakiyar damina.

Muna roƙon ki haɗa kai da gwamnatocin jihohi a tura tawagar tafi da gidanka sau biyu a shekara, ta gama wa kowane ɗan aji goma takardar haihuwa da lambar haraji da lambar ɗalibi da lasin koyo kyauta, ta yi gwajin ji, ta kuma zo da mota da malamin tuƙi. A sa hutun al'ada mai albashi cikin duk aikin da ma'aikatarki ke biya, da ma'anar dangi irin ta masu ƙasa. A tsawaita rakiya zuwa shekara guda cur, da ziyara a makon farko, da na huɗu, da bayan kowane makoki. Baƙi irinmu kuma kada a bar kowa ya zauna da matashi sai dattawan garin da zai yi aiki sun koyar da shi, an kuma biya dattawan ladan koyarwarsu. Alƙaluman da ake tarawa a mayar wa kowace al'umma nata, ta ga mutum nawa ne suka fara aiki, nawa suka kai shekara, me ya fitar da sauran.

Muna fatan ki amsa waɗannan buƙatu a bainar jama'a, ki faɗi waɗanda kika karɓa da ranar da za a fara, bayan kin tuntuɓi gamayyar ƙungiyoyin Aborijinawa da suka sa hannu a yarjejeniyar 2020, kafin a sabunta kwangilolin sabon tsarin.

Allah ya ja zamaninki.

Mu ne naki,
Malamai, masu ba da shawara kan sana'a da ma'aikatan lafiya Hausawa mazauna Ostareliya.